Ƙanwata, hotunan nan na kwana biyar ne kawai

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Saƙonki ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aikin dare, sau biyu na saurare shi kafin in sauka. Na yi murna ƙwarai da maigidanki ya samu gurbin digiri na uku a nan Sikotland, Allah ya sanya albarka. Kin ce kan mutanen gida ya rabu: Goggo na son ki zauna wurinta har sai ya kama ƙasa, shi kuma yana son ku taho tare. Kin ce tun da kika ga hotunanmu a gaban tsofaffin fadojin nan zuciyarki ta riga ki tahowa, kuma kina son jin yadda zaman yake, da yadda muke suna da Sallah ba dangi.

Ni dai a ganina ku taho tare. Amma ba na son ki taho saboda hotunan nan, don kwana biyar ne kacal a cikin shekara, kuma wata goma muka yi muna tara kuɗinsu.

Ta fuskar takardu kun dace. Tun watan Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji zuwa da iyali, sai masu karatun bincike irin nasa da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Sai dai nauyin kuɗin ba kaɗan ba ne. Kowannenku zai biya kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara, kuma na duk shekarun bizar ake karɓa a dunƙule tun kafin ku taso. Ke kuma za a nemi ganin fam 680 na kowane wata har wata tara, ban da nasa, su kwana 28 a banki ba a taɓa su ba. Akwai gwajin tarin fuka da za ku yi a Abuja ko Legas. Adadin nan kan sauya, ya duba shafin gwamnati ranar da zai cike takarda. A bizarku za a rubuta ba ku da haƙƙin tallafin gwamnati, don haka abin da hannunku ya samo shi za ku ci. Shi awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu, ke ce za ki iya cikakken aiki. Ki riƙe wannan da kyau, domin a gidaje da yawa na ɗalibai albashin matar ne ke biyan haya, kuma idan ba a zauna an yi maganarsa da daɗin rai tun farko ba, yakan zama tushen rigima.

Mun sauka Gilasgo a watan Satumban 2018, ina amaryar wata takwas. Sanyi ban damu da shi sosai ba, kaya ake sawa. Duhu ne ya kusa karya ni. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, ƙarfe huɗu saura kuma an kira Magariba. Kina sallame Azahar, kafin ki gama wanke-wanke La'asar ta shiga. Yayanki, wato maigidana, ya fita da duhu ya dawo da duhu, ni kuwa ina hawa na uku a ɗaki biyu da falo, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, babu ko yaron da zai yi sallama. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa sai goman dare, sai ga ni ina wuni ban furta kalma ko ɗaya ba. Na yi kuka a wannan hunturun fiye da wanda na yi ranar da aka kai ni ɗakina. Idan ya dawo a gajiye ya ga fuskata a ɗaure, sai shi ma ya ɗaure tasa. A gida da sai Umma ta kira ni ɗaki ta yi mini faɗa, shi kuma Baffa ya ja shi gefe. A nan kuwa ba wanda za a kai wa ƙara. Daren da muka zauna na faɗa masa cewa ba fushi nake da shi ba, kaɗaici ne ke cina, shi ma ya ce tsoron kada ya gaza ne ke hana shi barci, daga ranar gidanmu ya fara daidaita. Ya riƙa dawowa cin abincin rana sau biyu a mako, ni kuma na fara zuwa karatun mata a babban masallacin Gilasgo, daga nan na san mutane, daga nan na samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Likita kuma ta ce in riƙa shan ƙwayar bitamin D kullum, don irin fatarmu ba ta samun abin da ya ishe ta daga ranar ƙasar nan. Kada ki raina wannan.

Yanzu zamanmu kamar masu karɓa-karɓa ne. Ina shigowa da safe yana shirya babban zuwa makaranta, ya miƙa mini ƙaramar, ya fita. Ranar Asabar mu je unguwar Pollokshields wajen mahautan Fakistan mu sayo nama da kaji na mako biyu, mu biya shagon 'yan Afirka mu ɗauki manja da doya. Tuwon semo da miyar kuka ba ya yanke mana, muddin kukar da daddawar da aka aiko ba su ƙare ba. Ki tambayi maigidanki tun yanzu, cikin ladabi, ko zai iya ɗora tukunya da wanke bayi da goyon yaro. Ba raini ba ne. Nan babu 'yar aiki, babu ƙanwar da za a ba ki ta taya ki zama, kuma namijin da ya taho da niyyar zama a falo a kawo masa, matarsa ce ke ƙarewa.

Haihuwata ta fari ita ta nuna mini wanda na aura. An hana Umma bizar zuwa, ga shi babu wata babba kusa. Shi ya riƙa dafa ruwan zafi safe da yamma, Umma na kan waya tana gaya masa yadda za a gasa mini jiki da tawul. Shi ya dama kunun kanwa da garin geron da muka yi ta adanawa, na farko ya yi gudaji, na uku kuwa ko a gida sai haka. Gwamnatin Sikotland na ba kowane jariri akwatin kaya kyauta tun 2017, da riguna da bargo da 'yar katifa, har a cikinsa yaron ya yi barcin makonnin farko. Sai dai ki sani, haihuwa a nan ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa. Tun 1983 aka daina haka. Fasfon Najeriya za ku yi masa, ku nema masa biza, kuma dole a yi rajistar haihuwar cikin kwana 21.

Ranar suna a falonmu aka yi. Bayan Asuba maza bakwai suka zo, wani malami ɗan Sudan ya yi addu'a, aka raba dabino da alawa. A daidai lokacin ana yanka ragon a ƙofar gidan Baffa, muna kallo ta waya, domin doka ba ta yarda a yi yanka a gida a nan ba. Uban ne ya yi wa yaron aski da hannunsa. Da yamma mata suka cika ɗakin, Hausawa da Yarabawa da wata 'yar Nijar da ta taso tun daga Dundee da tukunyar dambu. Babu kiɗan ƙwarya, babu zanen suna na dangi, kuma da na ji guɗar gwaggonnina ta waya sai da hawaye suka zubo mini. Amma matan nan da ban haɗa komai da su ba sai addini da baƙunta, su suka yi ta kawo mini abinci har na yi arba'in.

Sallah kuwa ranar aiki ce kamar kowace. Sai kin nemi hutu tun da wuri, ki rubuta wa makarantar yaro. Masallaci kan yi jam'i fiye da ɗaya saboda yawan jama'a, ki fito da kwalliyarki ki ga gari na ta harkarsa. Kuɗin layya gida muke aikawa. Abin da muka ɗaure wa kanmu shi ne duk Sallah sai an yi lalle, sai an ɗinko wa yara kaya daga gida, sai mun taru gida ɗaya da sauran 'yan uwa an ci waina da miyar taushe. Ina son 'ya'yana su tashi sun san ƙamshin ranar.

To, ga labarin hotunan. A hutun makaranta na Afrilu muka yi hayar mota, muka cika kula da dafa-duka da dambun nama da cincin, don idan kika nausa arewa samun abincin halal sai an sha wuya. Mun sayi tikitin haɗaka na hukumar adana kayan tarihi, wanda ya shigar da mu uku daga cikin wurare huɗun da muka je.

Da fadar Stirling muka fara, ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga gidanmu ba. Tana kan wani dutse ne mai tsayi, duk wanda ya riƙe ta ya riƙe mashigar arewa, shi ya sa aka gwabza yaƙi a gindinta a 1297 da 1314. A nan aka naɗa Sarauniya Mary a 1543 tana jaririyar wata tara. Da mai yi mana bayani ya ce an gama babban zauren a wajen 1503, sai yayanki ya raɗa mini cewa ashe kusan sa'an Gidan Rumfa ne, tunda Sarki Muhammadu Rumfa ya rasu a 1499. Maganar ta tsaya mini a rai. Na tuna badalar Kano da ake ta yanka ana gina shaguna a kanta, ga mutanen nan kowane dutse an lissafa shi an ba shi mai kula. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu kuma yana yi.

A fadar Edinbara ana harba igwa da ƙarfe ɗaya na rana tun 1861, ban da Lahadi, asali don jiragen ruwa su saita agogonsu. Da ta tashi yaron ya ƙanƙame ubansa, can kuma ya ce a sake. Na ce masa haka 'yan bindiga ke yi a hawan Sallah, ya ce yaushe za a kai shi. Fadar Urquhart, a bakin tafkin Loch Ness, kufai ce. Sojoji ne suka tarwatsa ta da albarushi a 1692 don kada abokan gaba su samu mafaka. Wadda kika fi so a hoton, mai gadar dutse a tsakiyar ruwa, ita ce Eilean Donan. Jiragen ruwan yaƙi sun rusa ta a 1719, ta yi kusan shekara 200 a kwance, aka sake gina ta tsakanin 1912 da 1932. Minti goma kafin hoton nan ruwa ake tsugawa, ƙaramar na ta kuka, mayafina ya jiƙe sharkaf.

Abin da ya fi mini daɗi a tafiyar babu shi a hoto. A hanyar dawowa yara sun yi barci a baya, muka tsaya gefen wani tsauni muka yi ƙasaru a kan ciyawa, muka zauna da shayin fulas. Mun yi wata da watanni ba mu yi hirar da ta wuce ta haya da wa zai ɗauko yaro ba. Ranar muka yi maganar mahaifinsa da ya rasu ba mu samu jana'iza ba, muka yi maganar yaushe za mu koma, har rana ta yi sanyi.

Ki gaya wa Goggo na ji tsoronta, kuma tana da gaskiya, zan kira ta da kaina ranar Juma'a. Maigidanki ya fara neman gida tun yau, don ɗakin iyali na wuya a watan Satumba, kuma kada ya tura wa kowa kuɗin ajiya kafin wani ya je ya ga gidan da idonsa. Yayanki zai je masa. Ki taho da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da kanwa da turaren wutarki, ki bar nama da kilishi da man shanu, ba a shigowa da su. Rigar sanyi kada ki saya a can, ina da wadda za ta yi miki. Da biza ta fito ki turo mini ranar saukarku, ni zan zo filin jirgi.

Ki gaida Goggo da su Baffa.

Yayarki.