Ɗana yana kallon fim ɗin mai kashe mutane, in hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ɗana mai shekara 15 ya karɓo wani fim ɗin Amurka wajen masu turi a waya. Labarin wani yaro ne da ya gano maƙwabcinsu ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. Babu tsiraici a ciki. Amma na lura yana ta maido wurin da ake yanka wata mata, kuma da ƙanwarsa 'yar shekara 9 suke kallo. Kawunsa ya ce duk fim haramun ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya shirya miki zuri'a. Tsiraici da batsa babu saɓani a haramcinsu.

Maganar kawunsa akwai malaman da suke kanta, irin su Shaikh Bakar Abu Zaid, domin suna ganin wasan kwaikwayo ƙarya ne. Ni ban gamsu da ita ba. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba don ya gaskata, mai kallo kuwa ya san shiri ne tun kafin ya zauna. In hoto ne hujjar, Shaikh Ibnu Usaimin bai sa bidiyo cikin surantawar da aka hana ba. In kuma labarin kisan ne, Annabi (SAW) da kansa ya ba da labarin wanda ya kashe mutum 99 ya cike na ɗari da wani mai ibada, yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai bai faɗi yadda ya kashe ko ɗayansu ba, tubarsa ya bayyana. Ranar da kika ce wa yaro duk fim haramun ne, zai ga malamai suna wa'azi a bidiyo, ya watsar da maganarki gaba ɗaya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maido wurin yankan. Wanda labari ya ja, gaba yake son gani. Mai komawa baya kuwa jinin ya fara yi masa daɗi, zuciya tana bushewa. Saboda wannan, fim ɗin bai halatta gare shi ba, hana shi wajibinku ne. Ko a Amurka, irinsa galibi ba a barin wanda bai kai 17 ba ya shiga sinima sai da babba.

Ƙanwar kuma a raba ta da shi yau. Hadisin Abu Dawud ya hana Musulmi ya firgita Musulmi, balle ƙaramar yarinya. Ki riƙa tofa mata Falaƙi da Nasi lokacin barci.

Kada ki fasa wayar, kada ki tozarta shi gaban ƙannensa. Mahaifinsa ya zaunar da shi ya tambaye shi me yake burge shi a wurin, ya saurara har ya gama. Waya ta daina kwana a ɗakinsa. In kun ga yana azabtar da kyanwa ko kaji, ko ya janye daga abokai, ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, babu abin kunya a ciki.

Allah ne mafi sani.