Na dawo garinmu, ko hanyar gidanmu ban gane ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya Malama. Ya iyali, ya ƙoƙari? Ni 'yar wani ƙauye ce a gefen Dutse, ko in ce a da yana gefenta, don yanzu gari ya haɗiye shi ya zama unguwa. An kai ni aure Shagamu a 1986, ƙauyenmu yana cikin Jihar Kano a lokacin. Maigidana fataucin goro yake yi a Sabo, unguwar Hausawa ta Shagamu. Da fari ina zuwa ganin gida jefi-jefi, da iyayenmu suka rasu sai ƙafa ta ɗauke. Bara Allah ya yi masa rasuwa, da na fita takaba na ce gida zan koma in ƙarasa kwanakina cikin dangi.

Yaya, da mota ta sauke ni sai da na kira ɗan yayana a waya ya zo ya ɗauke ni, don ban gane hanya ba. Kududdufin da muke wanki an cike shi an jera shaguna. Tsamiyar dandalinmu babu ita. Gonar babanmu mai dabino an yanka ta fulotai, baƙi ne a ciki, kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe. A 2012 an aiko mini da kuɗi aka ce rabona ne na gonar, na karɓa ban tambayi komai ba. Yanzu ina ɗaki guda a gidan yayana. Yara suna ce mini Hajiyar Kurmi. In na yi ƙorafi sai matar yayana ta ce ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babban ɗana kullum yana waya in koma wurinsa. In zauna ko in koma? Maganar gonar kuma, in tayar ko in bar wa Allah?

Ƙanwarki, daga Dutse

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya ba ki haƙurin rashinsa. Kada kowa ya ce miki ƙuncin da kike ji rashin godiyar Allah ne. Kin rasa abokin zama na shekara kusan arba'in, kika taho inda kike sa ran samun sanyi, kika tarar shi ma wurin ba ya nan yadda kika bar shi. Rashi biyu ne suka haɗu miki a shekara guda.

Bari in fara ba ki labarin abin da ya faru a bayanki, don ni a gabana aka yi. Ina koyarwa a firamaren wani ƙauye ta wajen Kiyawa ranar 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Janar Babangida ta cire Jigawa daga Kano ta ce Dutse ce hedikwata. Mutane da yawa sun yi mamaki, don Haɗeja ta fi ta girma da kasuwa nesa ba kusa ba. Dutsen da muka sani ita ce Garu, unguwar fadar sarki, a kan dutse da 'yan unguwannin da ke ƙasa, sai gonaki da dabino iya ganinka. Ma'aikatan da aka turo daga Kano ba su sami gidajen shiga ba, da yawansu iyalinsu suna can, ranar Juma'a da rana sai ka ga gari ya yi tsit. Daga 1999 zuwa 2007, zamanin Saminu Turaki, an rarraba ma'aikatu zuwa sauran masarautu, saboda haka garin bai yi saurin cika ba. Da Sule Lamido ya hau a 2007 ya dawo da su Dutse, aka shiga shimfiɗa tituna da gina sakatariya da gidajen ma'aikata. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, a 2014 aka buɗe filin jirgin sama. Kowane ma'aikaci yana neman inda zai ajiye iyali, kowane ɗalibi yana neman ɗakin haya. Ki duba shekarar da aka aiko miki da kuɗin nan, za ki ga tsakiyar wannan guguwar ta faɗo.

Ina so ki san dalilin da ya sa mutanenmu suka riƙa sayarwa, don kada ki ɗauka duk kwaɗayi ne. Tun 1978 akwai dokar ƙasa da ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana a madadin jama'a. In hukuma ta buƙaci gona don aikin jama'a tana iya karɓa, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da ke kan gonar ce, wato gini da amfanin gona da itatuwa irin su dabino da mangwaro, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya ga masu awo suna kafa turaku a gonar maƙwabcinsa, ga dillali yana zarya a ƙofar gidansa da kuɗi a hannu, ga ɗa ya isa aure, ga rufin ɗaki yana yoyo, me kike zaton zai yi? Wasu sun sayar sun je Makka, wasu sun sayi babur, wasu kuɗin ya narke ba su san inda ya shiga ba.

Kuma ba zan ɓoye miki ba, abin yana yi mini ciwo kamar yadda yake yi miki. Akwai yaran da na koyar, 'ya'yan manoma masu rumbu uku-uku, yau suna gadi a ƙofar gidajen da aka gina a kan gonakin iyayensu. Wanda yake da sauran sha'awar noma sai ya yi tafiya mai nisa ya karɓi aro ko haya. Gayya ta mutu, don babu gonar da za a taru a kai. Gidan da a da baƙo yake shiga zaure ya yi sallama a kawo masa ruwa da fura, yanzu ƙofar ƙarfe ce sai ka buga ka jira. Duk wanda ya ce miki ba a yi asarar komai ba, bai faɗi gaskiya ba.

Amma kududdufin nan da kike kewa, ki tuna da kyau. Ba wanki kaɗai ake yi a irinsa ba, da rani ya tsananta har sha ake yi. Kin manta kurkunu? Ni ban manta ba. Da damina, daidai lokacin da ake buƙatar hannu a gona, magidanci zai kwanta wata guda ko fiye da kumburarriyar ƙafa, ana nannaɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, yaran ajina kuwa wasu sai su ɓace har zango ya ƙare. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da cutar a Najeriya, kuma ruwan burtsatse da tace ruwan sha ne suka yi aikin. Ki tuna matan da naƙuda ta zo musu da gardama, a ɗora su a amalanke ana neman titi, daga nan a nemi motar Birnin Kudu ko Kano. Wasu ba su kai ba, wasu sun kai amma sun dawo da yoyon fitsari. Yau mace tana isa asibiti kafin ruwan zafi ya huce. 'Yar maƙwabciyata daga gidan ubanta take zuwa jami'a ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta, abin da ni a zamanina ko a mafarki ban gani ba.

To in kika zauna gaban matar yayanki kina lissafa abin da ya ɓace, abin da kunnenta yake ji shi ne kin so su dawwama suna ɗaukar tulu a ka don ke ki dawo ki tarar da abin da kika bari. Ita ta zauna, ta yi jinyar surukanta, wato iyayenki, ta ga wuya ta ga daɗi. Ban goyi bayan maganar da ta yaɓa miki ba. Ba a faɗa wa macen da ta fito daga takaba haka, kuma 'ya mace da aka kai aure ba ita ta bar gida ba, kai ta aka yi da guɗa. Sai dai in kina son zaman ya yi daɗi, ki rage ƙorafin a gabanta, ki riƙa tambayarta. Ki ce ta ba ki labarin ciwon ajalin Inna, wa ya yi mata wanka, me ta ce a ƙarshe. Ita kaɗai take riƙe da wannan, kuma za ki ga yadda fuskarta za ta sake.

A ganina ba tsamiya ce ta fi damunki ba. Abin da ya fi ci miki rai shi ne ki ratsa unguwa babu mai ce miki 'yar gidan wane. Wannan kuwa yana da magani, ko da ba zai warke duka ba. Ƙawayenki na gaɗa ba duka suka mutu ba, aure ne ya watsa su, wasu suna cikin gari, wasu suna ƙauyukan Jahun da Kiyawa. Ki zaunar da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwar, ki riƙa kiran sunayensu na yarinta ɗaya bayan ɗaya, za ta gaya miki inda kowacce take. Ki je da ƙafarki, kada ki aika. Kada gaisuwar mutuwa ko barka ta wuce ki, ko ba ki san gidan ba, ki bi matar yayanki. Ki shiga Islamiyyar matan aure ta unguwa. Baƙin da suke cikin gonar babanku ma ki shiga ki gaishe su, ki ce nan aka haife ki. Yawancinsu ma'aikata ne daga Gumel da Ringim da Kazaure, su ma kewar garuruwansu suke yi. Yaran da suke ce miki Hajiyar Kurmi kuwa, ki kira su ki ba su labarin kakansu, ba su san shi ba.

Yanzu maganar gona. Ni ba malamar gado ba ce, amma abin da kowa ya sani shi ne Allah da kansa ya yanka wa 'ya mace rabonta a Suratun Nisa'i, rabin na ɗa namiji, kuma nisan aure ba ya soke shi. Tambaya a kan haƙƙinki ba rashin kunya ba ce. Sai dai ki raba abu biyu. In an yi rabon gado yadda shari'a ta ce, aka sayar a farashin wancan lokaci, aka ba ki kasonki cikakke, to ciniki ya ƙare, tsadar da fili ya yi daga baya ba bashi ba ce a kan yayanki. In kuwa an sayar ba a raba ba, ko an ɓoye miki wani ɓangare, ko akwai fulotan da suka rage a hannun maza, to kina da magana. Ki sami yayanki ku biyu, bayan sallar isha'i, ba a gaban matarsa ko 'ya'yansa ba. Ki ce, Yaya, ina so in san yadda aka yi rabon gonar Baba don zuciyata ta huta, wane malami ya raba, su wa suka shaida. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. In bayanin bai gamsar da ke ba, a kira malamin da ya san ilimin gado da mai unguwa, a zauna a yi sulhu. Kotun shari'a tana nan, amma ki bar ta a ƙarshe, don kina kwana a ƙarƙashin rufinsa. Kuma kada ki haɗa wannan zama da kukan tsamiya da kududdufi, in kika haɗa za a ce ɓacin rai ne kawai yake magana.

Zama ko komawa, kada ki yanke yanzu. Ki ba garin damina guda da azumi guda, ki ga hawan sallah a Garu, sannan ki auna. In daga baya zuciyarki ta ce Shagamu, ki tafi ba tare da jin kunya ba. Can kika haifi 'ya'yanki, can aka binne mijinki, kuma uwa a gidan ɗanta ba cin arziki take yi ba, haƙƙinta ne. Mata da yawa suna raba shekara biyu, rabi nan rabi can, babu wanda ya zarge su.

Abin da ba na so shi ne ki yi wannan shekarar a zaune a ɗaki kina jiran a miƙo miki kwano. Kin yi rayuwarki a gidan goro. Kin san daushe, kin san marsa, kin san yadda ake tsince shi a canza masa ganye don kada ya lalace, abin da 'yan mata a nan ba su sani ba. Garin da ya cika da mutane kullum ana ɗaurin aure da suna, kuma ba a yin ko ɗaya babu goro. Ki fara da kaɗan a cikin gida, ƙwarya biyu ko uku, matan Islamiyya za su kai labari. Ki gaya wa babban ɗanki, maimakon wayar da yake yi kullum, ya haɗo miki huhu guda daga wurin abokan kasuwancin babansa, ya kawo da kansa, ya taho da jikokinki su gaida kawunsa. In ya zo ya ga ɗakin da kike kwana da idonsa, ku zauna da shi da yayanki a yi maganar ko za a ja miki ɗaki da ɗan tsakar gida naki na kanki.