Ka fara gwada Linux Mint daga filashi

Malam, ka ce kwamfutarka ba ta ɗaukar Windows 11, kana neman inda za ka koma ba tare da wahala ba. Ni dai Linux Mint zan nuna maka, wata manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Kyauta ce, a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu aka gina ta, kuma fuskarta mai suna Cinnamon ta yi kama da Windows ɗin da ka saba. Kada ka yi jinkiri, domin tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10.

Sauke ta zai ci maka data kusan GB 3. Ka ɗora ta a filashi, ka tayar da kwamfutar daga ciki, ka duba Wi-Fi da sauti da firinta kafin ka goge komai. Ka kwashe takardunka gefe tukuna. In RAM ɗinka bai wuce GB 4 ba, ɗauki Linux Mint mai fuskar Xfce maimakon ta Cinnamon, ta fi sauƙin nauyi.

Sai dai fa, in aikinka irin na masu buga katin biki ne a Tudun Wada, CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma sai ka sake koyo. Rubutu da lissafi kuwa LibreOffice ta wadatar.