Jika 10 a cire, jika 50 a gyara: wanne ya fi mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Tahoua, shekaruna 34. Wani haƙorina, turmi na ƙasa, ya yi rami, wata uku ke nan yana damuna. Da fari sai na sha ruwan sanyi ko shayi yake tsira mini, yanzu kuwa da tsakar dare yake tashe ni. Na je wata kilinik mai zaman kanta, aka ce cirewa jika 10, wato sefa dubu 10, in kuma ina son a bar mini haƙorin sai an kashe jijiya an cike, kuma zai haura jika 50. Ina sayen amoksisilin wajen mai talla, ya lafa, ya dawo. Abokina ya ce akwai mai cirewa a kasuwa a kan jika ɗaya. Me ya sa aikin haƙori yake da tsada haka, kuma yaya zan yi da ɗan abin da ke hannuna?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi.

Kuɗin haƙori zurfin rami yake bi. Haƙori hawa uku ne: farin ɓawo mai tauri a waje, wani sashe mai ɗan taushi a ƙarƙashinsa, sai ɗan ɗaki a tsakiya inda jijiya da hanyoyin jini suke. Lokacin da sanyi kaɗai ke tsira maka, ya kuma wuce cikin ɗan lokaci, ramin yana hawa na biyu. Zama ɗaya ya isa a share ruɓar a cike. Ciwon da ke tashin mutum daga barci ba tare da ya ci komai ba, yawanci alama ce ta cewa jijiyar ta kumbura kumburin da ba ya komawa. Daga nan hanya biyu ta rage, su ne waɗanda aka gaya maka. In ka wayi gari ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, kada ka ɗauka warkewa ce. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma suna ci gaba da gangarawa zuwa ƙarshen saiwa, inda mugunya za ta taru.

Ba mu ce jika 50 ƙaramin kuɗi ba ne; ya fi mafi ƙarancin albashin wata a Nijar, wanda yake jika 42 tun farkon 2024. Amma ga abin da ake saye da shi. Turmin ƙasa galibi saiwa biyu gare shi, a cikinsu akwai ƙananan hanyoyi uku ko huɗu, wasu sirara kamar zaren ɗinki, kuma a lanƙwashe. Dole a gano kowace, a auna tsawonta da hoto, a share ta da ƴan ƙananan allurai ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwan magani, a busar, a toshe har ƙarshe. Zama biyu ne ko uku, kowane na iya cin awa guda. Alluran, abin toshewa, maganin kashe zafi, duk daga waje ake shigo da su, a ƙasar da ba ta da gaɓar teku. Kujerar kanta ba ta aiki sai da wuta da ruwa da injin matsa iska, ga tukunyar da ke dafa kayan aiki da tururi a zafin digiri 121 zuwa 134 bayan kowane mara lafiya. Likitocin haƙori kuma kaɗan ne, mafi yawansu suna Yamai. Cirewa kuwa, in ba ta zo da gardama ba, allura ce da ƙarfe biyu ko uku da rabin awa.

Akwai tambayar da ya kamata ka koma ka yi kafin ka ba da ko dala: jika 50 ɗin nan har da hular haƙori? Turmin da aka kashe wa jijiya, aka kuma ƙwaƙule cikinsa, ganuwarsa ta yi siriri. In ba a rufe shi da hula ba, wata rana ƙashin nama ko tsakuwar cikin shinkafa za ta tsaga shi, in kuma tsagar ta kai saiwa, cirewar da aka guda ita za a yi. Hula sau da yawa takan yi tsadar aikin jijiyar ko ta fi. Saboda haka ka ce a rubuta maka lissafin aikin tun daga farko har ƙarshe, abin da ake kira devis: ganin likita, hoto nawa, zama nawa, cikewar ƙarshe, hula, magani. Ra'ayinmu a nan ba ya da kwana: aikin jijiyar da aka fara aka bari a rabi ya fi cirewa muni, don kuɗi sun tafi, ciwo kuma zai dawo.

To, a cire ko a bari? Ƙaramin hoton haƙori guda, wanda ake sa wa a cikin baki, shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a wannan matsayi, domin shi ke nuna yawan abin da ya rage da halin da saiwa take ciki. In turmin can na ƙurya ne, wanda ke fitowa bayan shekara 17, a cire kawai. Ba a cika wahalar ceto shi ba. In ruɓa ta cinye ganuwar har ta kai dasashi, ko haƙorin yana girgiɗi, nan ma a cire. Amma in turmi na farko ne ko na biyu, ganuwarsa uku na tsaye, kai kuma kana ganin za ka iya haɗa kuɗin cikin wata ɗaya ko biyu, a shekarunka ya cancanci a bar shi, domin su ne ke ɗauke da nauyin tauna. Ka tambayi likitan ko zai yi maka matakin farko kaɗai yanzu: a buɗe haƙorin, a fitar da jijiyar da ta kumbura, a sa magani, a rufe da cikewar wucin gadi. Wannan kan kwantar da ciwon, ya ba ka ƴan makonni ka nemo sauran. Makonni muka ce, ba watanni shida ba. Cikewar wucin gadi tana zaizayewa, yawu ya shiga. Da yake aikin zama-zama ne, da yawa sukan yarda a biya kashi-kashi in an yi maganar tun farko. Mai adashi ya nemi a ba shi kwasar kusa.

In lissafin ya ƙi, cire haƙori ba abin kunya ba ne, kuma mutum na rayuwa lafiya da giɓin turmi guda. Abin da ya kamata ka sani shi ne, da tafiyar shekaru na kusa da giɓin kan karkato, na sama kan zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa. Cike giɓin daga baya wani kuɗi ne: haƙorin roba mai cirewa shi ne mafi araha, gada ta fi shi tsada kuma sai an fiƙe lafiyayyun haƙora biyu na gefe, dashen ƙarfe a cikin ƙashi kuwa shi ne ƙololuwa, yana kuma ɗaukar watanni.

Kafin ka yanke shawara, ka je babban asibitin jihar Tahoua, CHR, ka nemi sashen haƙori ka ji nasu farashin. Tun watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da hoto da rabi a asibitocinta. Ka je da sassafe, don layi ne. Ka biya a wurin biya, ka karɓi rasit. Ƙaramin asibitin unguwa, CSI, na iya ba ka maganin zafi da takardar turawa, amma ba wurin cike haƙori ba ne. In aikin ya fi ƙarfin Tahoua za a tura ka Yamai, inda Babban Asibitin Ƙasa da na Lamorde da Asibitin Référence suke, sai dai ka sa kuɗin mota na sama da kilomita 500, da masauki, da kwanakin da keken ɗinkinka zai yi a rufe cikin lissafi. Aikin zama uku a Yamai kan tashi ya fi na kilinik ɗin gida tsada. A famasi kuma ka ce a ba ka maganin da ake kira jenerik. Sinadarin ɗaya ne, kwali ne ya bambanta.

Amoksisilin ɗin nan ka daina shi haka nan. Maganin da aka haɗiya jini ne ke kai shi inda ake buƙata, jijiyar da ke mutuwa a cikin haƙori kuwa jini ba ya isa gare ta yadda ya kamata, don haka tushen ciwon na nan. Ƙwaya biyu yau, uku jibi, koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin ne, ranar da kumburi na gaske ya zo sai ya ƙi ci. Ga shi kuma maganin tire ya sha ranar Tahoua, wadda ke haura digiri 40 a bazara. A ce kana kashe dala 100, wato sefa 500, sau biyu a mako: cikin wata uku jika 13 ke nan, ka riga ka biya kuɗin cirewar har da canji, haƙorin kuma yana nan yana ci. Likita kan rubuta irin wannan magani ne in akwai kumburin da ke yaɗuwa ko zazzaɓi, kuma tare da aikin hannu, ba a madadinsa ba.

Don ka samu barci kafin ranar zuwa: farasitamol miligiram 1000 duk awa shida zuwa takwas, kada ya wuce giram 4 a yini. Za a iya haɗawa da ibuprofen miligiram 400 duk awa takwas bayan cin abinci, in ba ka da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma. Mai juna biyu kuma ta bar ibuprofen sai da izinin likita. Kanumfari na ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, ba laifi. Amma asfirin da ake dannawa a rami, da ruwan batir, da kanwa, da garin taba, ƙone dasashi suke yi, su ƙara wa likita aiki, su ƙara maka kuɗi. Tiramol kuwa kada ma a fara.

Mai jika ɗaya na kasuwa, araha ba ta ado. Ruɓaɓɓen turmi ba ya jure matsa. In aka kama shi da ƙarfi ba tare da an sassauta shi daga ƙashi ba, kan ne ke ɓallewa, saiwa ta zauna. Fitar da karyayyar saiwa ƙaramar tiyata ce, a tsaga dasashi, wani lokaci a ɗan ɗebe ƙashi, a ɗinke, kuma ta fi cirewar farko tsada nesa. Ba zai tambaye ka hawan jini ko ciwon sukari ko maganin tsinka jini ba. Babbar matsalar ita ce ƙarfen: ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yawaita a yankinmu, tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini, shafa alkol ko ɗauraya da ruwa kuma ba ya wadatarwa. Maganin hanta ba na jika 10 ba ne.

Akwai halin da ba a tsayawa lissafi. In kumburi ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi ko ya hau wajen ido, in baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe ka, a tafi sashen gaggawa a daren nan. Mugunyar turmin ƙasa na iya tura harshe sama ta toshe numfashi. Mai ciwon sukari ya fi kowa saurin shiga wannan.

In an cire, ka cije audugar minti 30, kada ka kurkure baki ko ka riƙa tofi a ranar, kada ka sha taba aƙalla kwana uku. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, a rana ta biyu zuwa ta huɗu sai ciwo mai tsanani da wari su taso, ka sake komawa. Daga washegari ka riƙa kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi kofi guda da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tunda ka riga ka biya kuɗin hawa kujerar, ka ce a duba sauran haƙoran. Wanda ya yi rami guda mai zurfi da wuya a rasa ƙanana a bakinsa, kuma su ne har yanzu suke kan farashin zama ɗaya. Akwai wani abin cikewa mai sauƙin kuɗi, gilas ayonoma, wanda yake sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a hankali, ana ma iya sa shi da kayan hannu ba tare da injin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021, tare da man goge baki mai fuloraid. Ga masu sana'ar zaune irin taka, shayi ne babban ɓarawo. Ba yawan sukarin kaɗai ba, yawan kurɓar: duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin da ke manne a haƙori sukan fitar da tsami na kusan rabin awa. Wanda ya sha na fari da na biyu da na uku a jere bayan abinci ya fi wanda ke kurɓa daga hantsi har la'asar kwanciyar hankali. Ka sayi man da aka rubuta 1450 ppm a jikinsa, ka goge sau biyu, na dare shi ne wajibi, ka tofar kada ka kurkure. Asuwaki na share datti sosai, a ci gaba da shi, amma bai maye gurbin man ba. Wasu na tsoron fuloraid saboda abin da ya sami yaran Tibiri ta Maradi. Can ruwan sha ne mai fuloraid fiye da kima aka yi shekaru ana sha, ba man da ake tofarwa ba.

In kana da yara, ka leƙa bakin mai shekara shida. A wannan shekarar turmin farko na dindindin ke fitowa a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa na nono ne su bar shi ya ruɓe. Ba ya sake fitowa. In ka ga baƙin ɗigo a tsagar samansa, ka tafi da yaron ranar da za ka koma.