Tambaya da Amsa: An yi wa yarona allurar sanƙarau, me ya sa za a sake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An yi wa ɗana allurar sanƙarau tun yana ƙarami, yanzu kuma na ji ana batun wata sabuwa. Shin ta farkon ta daina aiki ne? Daga wata uwa a Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta farkon ba ta lalace ba, sai dai ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, kuma kowane iri yana sanye da rigarsa ta sinadarin sukari, wadda da ita ce garkuwar jiki take gane shi. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010, tana koya wa jini ya samar da sinadaran garkuwa masu kama rigar nau'in A kaɗai. Ta yi aiki ƙwarai, domin nau'in A ya kusa ɓacewa a yankinmu, amma annobar da ta auka wa Yamai da Doso a 2015 nau'in C ne ya haddasa ta. Sabuwar allurar, MenFive, ta haɗa A, C, W, Y da X, kuma Najeriya ce ta fara amfani da ita a 2024.

Nau'in B, wanda ba ya cikin MenFive, shi ne ya fi wahalar da masana, saboda rigarsa tana kama da wani sinadari da ke jikin ƙwayoyin jijiyar ɗan Adam, don haka garkuwar jiki ba ta ɗaukar ta a matsayin baƙuwa. Sai suka koma ga furotin ɗin da ke bisa fatar ƙwayar, musamman wanda ake kira fHbp, wanda ƙwayar take amfani da shi wajen kama wani sinadarin jininmu ta fake da shi kamar ɓarawon da ya sa kayan masu gida. Daga nan aka samu Bexsero, allurar rigakafin nau'in B, wadda Ingila ta fara yi wa jarirai a 2015. A ganina wannan hanya ta cancanci kulawarmu, tunda irin wannan furotin ba nau'in B kaɗai ke da shi ba.

Idan an zo yin sabuwar, wato MenFive, a unguwarku, ki kai shi tare da katinsa. In kuwa zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, a garzaya asibiti a ranar, ko da an yi masa allura.