Siminti a jikin gicciyen dutse?

Kai yaro, ka ce tsohon gicciyen dutsen nan na bakin hanya ya tsage, wai ko ka toshe shi da siminti. Allah ya so ka a waya ka yi tambayar.

Ka ma san ko mene ne? Irinsa suna nan birjik a ƙauyukan Jamus, balle nan Bavariya. Daga ƙarni na 13 zuwa na 16, in mutum ya yi kisa aka yi sulhu da dangin mamaci, bayan diyya sai a ɗora masa kafa gicciye a inda jinin ya zuba. Shi ya sa ake ganin an sassaƙa siffar takobi ko gatari a jikin wasu. Bayan dokar hukunta laifuka ta Sarki Karl na Biyar ta 1532 ne al'adar ta soma ja baya.

Shekarata biyu da fara cin gashin kaina a aikin dutse wani manomi ya kira ni, wai gicciyen gefen gonarsa yana hana tarakta juyawa. Ya rantse mini takardar izini tana gida. Na yarda da shi. Na tumɓuke dutsen, na matsar da shi taku goma, na zura rodi, na dasa shi a siminti. Hunturu biyu kacal! Simintin ya hana danshi fita, ruwa ya daskare a ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, gindin ya dare, rabin takobin da aka sassaƙa a jikinsa ya ɓalle. Da ma'aikatan hukumar kayan tarihi suka zo, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce shi ciyawa kawai ya sa ni in share. Ba ni da ko layi ɗaya a rubuce. Na biya tara, na biya gyara, motar aikina ta tafi a ciki. Shekara uku ba wanda ya kira ni aikin tsohon gini. Shi kuwa yana nan yana nomansa, ko sannu.

To, sai ka riƙe takardar izini a hannunka kafin ka taɓa shi. Kwaɓin farar ƙasa za ka sa, wanda bai kai dutsen tauri ba, ƙarfe kuma marar tsatsa. Yadda ake kwaɓin kuwa, in har yanzu sai na faɗa maka, ka nemi wata sana'a. Ku yaran yanzu so kuke komai ya bushe kafin la'asar ku ɗauki hoto.

Gobe ƙarfe bakwai ka same ni a wurin da buroshi mai laushi. Injin feshin ruwa ka bar shi a shago.