Hukuncin Sa Ƙananan Yara Aikin Gona Saboda Rashin Hali

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin manomi ne, ba ni da halin ɗaukar 'yan ƙodago. Idan noma ya kankama nakan ɗauke yarana uku daga makaranta su taya ni. Yanzu kuma wani mai gona yana so in ba shi babban, ɗan shekara 12, ya riƙa yi masa feshin magani yana biya. Mene ne hukuncin duka biyun?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya buɗa, ya sa albarka a zuriya.

Yaro ya taya mahaifinsa aikin da ƙarfinsa zai ɗauka, kamar shuka, cirar ciyawa ko kiwon 'yan awaki, halal ne, kuma koyon sana'a ne. Anas ɗan Malik yana da kimanin shekara 10 ya fara yi wa Annabi (SAW) hidima, ya kuma shekara 10 yana yi. Sai dai ka lura, Anas ya fita daga wannan hidima yana cikin sahabban da suka fi ruwaito hadisi. Aikin bai cinye karatunsa ba.

Asalin hukunci shi ne ciyarwa tana kan uba, kamar yadda aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta nuna. A mazhabar Malikiyya tana kansa har ɗa namiji ya balaga yana iya nema, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji. Talauci yana rage yawan abin da ake nema daga gare ka, amma ba ya mai da nauyin kan yaron.

Na fahimci lissafinka. Ɗan ƙodago kuɗi yake so a hannu, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yaro kuwa ba ya cewa a biya shi. Kuma ba kai kaɗai ba ne: rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya (UNICEF) na 2021 ya ƙiyasta yara miliyan 160 suna aikin da bai dace da shekarunsu ba, kashi 70 cikin 100 a harkar noma, mafi yawansu a hannun danginsu. Amma aikin nan ba kyauta ba ne, biyan ne aka jinkirta. Yaron da ke rasa makonni kowace damina yakan koma aji an wuce shi, ya gaji ya daina, ya girma ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Kamar cin iri ne: a ƙoshi yau, baɗi a rasa na shuka. Saboda haka su taya ka da yamma, da ranakun da ba karatu, da lokacin hutu. Idan larura ta matsa na 'yan kwanaki, ka sanar da malamansu, su rama abin da ya wuce su. Ɗauke su damina sukutum bai halatta ba.

Batun feshi kuwa, kada ka yarda. Maganin ƙwari da na ciyawa guba ne da ke shiga ta fata da numfashi, jikin yaro kuma ya fi saurin cutuwa. Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa. Ko game da masu hidima ya hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, balle ɗan cikinka. A cikin Muwaɗɗa kuma Sayyidina Usman ya hana tilasta wa ƙaramin yaro nema, domin idan bai samu ba sata zai yi. Shi ma mai gonar ya ji tsoron Allah, arhar yaro ce ta jawo shi.

In wani aiki ne mara haɗari, wanda bai ci karo da karatu ba, ya halatta, ladan kuwa dukiyar yaron ce, a kashe masa a kan buƙatunsa.

Giɓin da ya rage kana da haƙƙin cike shi da zakka, domin manomin da amfanin gonarsa ba ya kai shi shekara yana cikin mabuƙatan da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Ka kai kukanka ga mawadatan danginka da masu raba zakka, babu kunya a ciki.

Allah ne mafi sani.